Tsutsa Mai Sunan Kawu Gambo

Da aka kafa dokar rufe duk tafkin da aka samu sabuwar tsutsa a kifinsa, Kawu Gambo mai kamun kifi bai damu ba. Ai Ladidi, 'yar ƙanwarsa, ita ce mai rarraba tsutsotsin iri-iri a ofishin kula da ruwa, kuma shekara bakwai yana kai mata hanjin tarwaɗa don karatunta.

Ran Talata ya tarar an zagaye tafkinsu da waya, Ladidi na kafa allo.

Ta ce, "Kawu, ba a taɓa ganin irinta ba. Sunanka na sa mata, don girmamawa."

Ya dubi masuntan garin, tarunansu a kafaɗa, sun zuba masa ido.

"Ladidi, da sunana kika rufe musu ruwa?"