Itatuwan Bayan Taga

"Nawa ka sare?" tsohuwar ta tambayi ɗanta, tun bai ajiye mata gahawa ba.

"Me fa, Umma?"

"Itatuwan sanaubar na ubanka, masu ƙaron ƙamshi da ke bayan taga. Idona ne ya mutu, ba hancina ba."

Ya yi yaƙe. "Haba, ga ƙamshinsu nan cike da ɗaki."

Abin da ke ƙona mata rai ke nan. Shekara hamsin tana kan wannan dutse na ƙasar Labanan, da hanci take gane lokaci. In zafi ya tsananta ƙaron itatuwan kan narke, ƙamshin ya yi kauri har ya kama maƙogwaro. Ruwan farko ya sassauta shi, sanyi kuma ya kwantar da shi.

"Wata tara da ka dawo da ni daga asibiti, ƙamshin nan bai motsa ba. An yi zafi, an yi ruwa, ga dusar ƙanƙara a ƙofa. Ni za ka raina wa hankali?"



Ta laluba bayan labule, ta zaro kwalbar turaren sanaubar da yake fesawa a ɓoye kowace safiya, ta miƙa masa.

"Ungo. Je ka zauna a inuwarta."