Allon da Baba Ya Ƙi Ƙonawa

Har yau in na ji ƙanshin tawadar gawayi da ƙaro, sai in ga kaina a zaurenmu na Tudun Wada, ina 'yar shekara bakwai. Baba malamin allo ne kafin ya zama Kirista mai wa'azi, kuma bai ga dalilin yar da alƙalaminsa ba. Kullum yakan sa ni rubuta aya ɗaya da ajami.

Ran nan da la'asar Baturen mishan ya iso a keke, ya tarar ina rubutu. Hausarsa ta littafi ce, ga tsabta, ba gishiri.

"Malam, allo kayan tsohuwar rayuwa ne. Ka ƙone shi, ko ka daina wa'azi a ƙarƙashinmu."

Baba ko motsi bai yi ba.

"Ranka ya daɗe, dangina sun ce na bar gida, kai kuma ka ce ban iso ba. Alherin Allah kuwa a kan buzun nan ya same ni, nan yake iske ni kowace safiya. Bai taɓa cewa in sake haruffa ba. Wa'azin, in naka ne, ɗauki abinka."

Bature ya yi ja har kunne, ya hau kekensa. Daga baya na shekara talatin ina koyar da boko, ban yi darasin da ya kai wannan ba. A lokacin dai na ci gaba da rubutuna.

Baba ya leƙo allon.

"Ke Ladi, harafin wau ɗin nan naki ya karkace. Wanke ki sake."