Wandon Malamin Lissafi

"Zo ki gani da idonki!" Malamin lissafi ya ƙwala wa matarsa kira, yana nuna takardar da ya manna a ƙofar ɗaki.

Tun da ya rantse sai ya shiga wandon angoncinsa ranar bikin ƙanwarsa, kullum sai ya shanye ciki ya auna ƙugu, ya cike jadawali. Yau ya ja layi biyu: na wando a miƙe, na tumbi yana gangarowa.

"Inda suka haɗu, nan amsa take. Ranar biki ce cif!"

"To, Allah ya sa," in ji ta, tana ɗauke kwano na biyu da ya suɗe.

Ranar biki wando ya shiga sumul. Malam ya tsaya tsakiyar dangi yana ɗaga takarda. "Lissafi ba ya ƙarya!"

Sai tela, maƙwabcinsu, ya zagaya bayansa ya ƙare wa wandon kallo, sannan ya dubi matar Malam.

"Maman yara, kin ga ƙyallen da na ƙara ko alama bai nuna ba? Amma Malam, don girman Allah, kar ka zauna."