Faranti na Uku

Da silin gashi guda Dakta take taɓa jelar 'ya'yan kifin. Mai lafiya, kafin gashin ya gama sauka ya yi wuf ya gudu. Wanda jijiyoyinsa ba su haɗu ba sai ya kwanta shiru, zuciya na bugawa, jiki babu motsi.

Ta san wannan kwanciyar. Haka 'ya'yanta biyu suka zo duniya, ido biyu, ko yatsa ba sa ɗagawa, kuma babu wanda ya yi wata guda. Ga na uku a cikinta yanzu.

Surukarta ta ce jininta ne. Inna, mahaifiyarta, ta ce wa ya aike su, jinin ɗansu dai. Mijin kuwa, gwanin shiru, ya bar wa Allah. Ita da ta ƙare ƙuruciyarta tana nazarin ƙwayoyin gadon da ke shimfiɗa jijiya a ƙwan kifi, ta ga zaman jira bai kama ta ba.

Ta jera faranti uku na ƙwan kifi. Na farko ta sa wa ƙwan ƙwayar gadon da ake zargi daga jininta, na biyu daga na mijinta. Na uku ba ta sa masa komai ba, na gwadawa ne kawai.

An hana ci da sha a ɗakin gwajin, amma wa zai hana mai ciki? Kullum filas ɗin Inna na gefenta. "Shanye tas, uwata, shi ke riƙe ciki," in ji Inna kowace safiya. Ranar da ta jera farantan ma tana sha tana aiki, har kofin ya fantsala a kan teburin.

Yau ta sunkuya kan madubin ƙara girman ƙananan halittu. Ta taɓa 'ya'yan kifin farantin jininta, suka watse. Ta yi hamdala, sannan tausayin mijinta ya kama ta. Ta taɓa nasa, su ma suka watse.

To jinin wa ke nan?

Ta jawo na uku don cika ƙa'ida. Ta taɓa ɗaya, shiru. Ta taɓa wani, shiru. Duk suna kwance, zukata na bugawa, kamar an dawo mata da 'ya'yanta.

A gefen farantin ta ga busasshen ɗigo mai launin ruwan ƙasa, ta sunsuna. Jiƙon Inna ne, wanda take sha tun cikin fari, wanda ko da safen nan ta shanye tas.