Saura Awa Ɗaya Likitoci Su Iso

Saura awa ɗaya likitoci su iso ganin manhajar da muka gina wa asibitinsu, ta ƙi tashi. Kowa ya yi tsuru-tsuru, ban da ma'aikaciyar da ta fara aiki da safen nan, wadda ko gaisawa ba mu yi ba.

"Yallaɓai, a bar min," ta ce wa shugabanmu. "Zan buɗe sabon aiki ta hanyar buga wa kwamfuta umarni, in sauko da ƙunshin kayan haɗin ɗaya bayan ɗaya, sannan in kwaso rubutun manhajarku."

Daga teburina ina jin yatsunta kamar ruwan sama a kan kwano. Ta buga umarni, ta dakata, ta buga wani. Can sai ta yi dariya.

"Ga ɓarawon! Tsohon ƙunshi ne ke rigima da sabo."

Manhajar ta tashi a wayoyinmu. Na zagaya in yi mata sannu, sai na tarar allon kwamfutarta a kashe, baƙi ƙirin. Ashe ba ta gani, kwamfutar ce ke karanta mata a kunne.

Ta lalubo farar sandarta, ta miƙe.

"Malam, ina ake shan shayi a nan?"