Suruka a Bayan Keke

A kan tudu ya matse birki ya ce, "Inna, sai mu sauka mu taka. Gangaren nan tsakuwa ce zalla, ga kwazazzabo a ƙasa."

Surukarsa ce a bayan keken da ya saya bara, shekarar 'yancin kai. Matarsa na naƙuda a Gidan Rumji, shi ya sa tsohuwar ta ajiye kunya ta hau. Tun daga Sae Sabuwa yake ta tunanin abin da ke ranta.

"In ba mu sauka ba fa?" ta tambaya.

"Mu isa da wuri, ko mu karye."

Ta damƙe rigarsa. "Saki birkin."

Tsakuwa ta dinga tsalle, iska ta fizge mata kallabi, suka bi ta bakin kwazazzabon yana jin ihunta. Ya ce a ransa ba za ta yafe masa ba.

Suka tarar an sauka lafiya. Ta wanke jikarta, ta fito zaure ta same shi.

"Yaron nan," ta ce a hankali, "ran da za ka mai da ni, akwai tudun da ya fi wancan?"