Abin da Ke Sauka a Gidan Janar

"Harbo shi!" in ji Kyaftin Mubarak.

Kwana da kwanaki mazauna Maitama suna kai wa sojoji ƙara. Wani baƙin abu mai ƙugi yana shawagi kullum da la'asar, ya ɓace a gidan Janar Abraham mai ritaya, wanda har yau ake jin maganarsa a hedikwata. An ce wa Mubarak ya gano abin, ko ya manta da ƙarin girma.

Janar ya rantse bai taɓa ganin komai ba. Matarsa, Madam Hannah, ta ce 'yan leƙen asiri ne.

Da sojoji suka harbo abin, sai ya faɗo cikin furannin gidan Janar. Ɗan jirgi ne marar matuƙi, ɗaure da ƙunshin jarida. Sojoji suka kwanta suna jiran fashewa. Sai ƙamshin yaji ya tashi.

Madam ta kwance ƙunshin. Tsiren unguwar Jabi ne, da zafinsa.

"Abraham," ta ce a hankali, "ba likita ya hana ka nama ba? Ni ina ta dafa maka kabeji?"

Janar ya dubi Kyaftin. "Yaro, me ka gani?"

Mubarak ya ƙame, ya sara masa. "Oga, har yanzu ba a gano ko mene ne ba."